Ɗalibin Baba Kwaɗo

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana aiki a gidan waya, kuma a nan cutar ta kama shi. Haka matarsa take kiran abin, cuta. A jikin bangon ofishin akwai ƙananan akwatunan wasiƙa ɗari huɗu, kowanne da makullinsa, kuma ba a mako guda sai wani ya zo ya ce nasa ya ɓata. Da can fasa su ake yi da guduma. Shi ne ya ga ɓarnar ta yi yawa, ya ɗauki wani mataccen makulli ya kai gida, ya warware shi a kan faranti don ya ga abin da ke ciki. 'Yan filoli ne guda biyar na tagulla, kowanne bai fi ƙwayar shinkafa ba, da 'yan sifirin sirara kamar gashi. Daga ranar bai sake samun lafiya ba.

Lokacin da ya yi ritaya yana da kwaɗuna sun haura ɗari shida. Da 'yarsu Auta ta yi aure ya gaje ɗakinta, ya lulluɓe bangon da alluna, ya kafa ƙusoshi, ya rataye su layi-layi, kowanne da 'yar takarda ɗaure a wuyansa: inda aka samo shi, filolinsa nawa, minti nawa ya ɗauka kafin ya buɗe shi ba da makulli ba. 'Yan unguwa suka sa masa Baba Kwaɗo. Baƙo in ya ji sunan yakan tambaya ko da gaske ne yana kiwon kwaɗi a gida.

"Kwaɗuna," yakan ce. "Nawa ba sa kuka da damina."

"Gara masu kukan," in ji Maman Auta. "Su ko sauro suna ci."

Damuwarsa ɗaya ce, ba shi da mai saurara. Surukansa in sun zo gaisuwa, da zarar ya ce, "Bari in nuna maka wani abu," sai kowa ya tuna yana da wani wuri da zai je. Abokansa na aiki suka riƙa zama nesa da shi a taro. Ita kuwa Maman Auta ta ƙware a cewa "to" tana tsintar wake, ba tare da kalma ɗaya ta shiga kunnenta ba.

Wata Asabar da hantsi wani mutum ya yi sallama a ƙofa. Ba zai wuce arba'in ba, fes da shi, riga a goge, takalmi ba ƙura. Ya durƙusa har ƙasa ya gaishe su. Ya ce shi akawu ne a wani kamfanin sufuri, mai shagon kayan gini na bakin kasuwa ne ya kwatanta masa gidan. Tun yana yaro yake sha'awar makullai, bai taɓa samun wanda zai nuna masa ba.

Baba Kwaɗo ya kai shi ɗakin. Mutumin ya tsaya a tsakiya, ya juya a hankali yana kallon bango huɗun, bai yi dariya ba, bai tambayi nawa aka kashe ba. Ya nuna wani baƙin kwaɗo mai kamar zuciya ya ce, "Baba, wannan me ya sa ramin makullinsa yake da murfi?"

Awa uku suka yi. Shayin da aka kawo ya huce a kan tebur.

Bayan ya tafi Maman Auta ta shigo kwashe kofuna.

"Wannan Sarkin Ladabin naka daga ina?"

"Akawu ne."

"Sau nawa ya gaishe ni ka san? Huɗu. Mutum in ya cika gaisuwa ni tsoronsa nake ji."

"Ke dai ba ki saba ganin mai hankali ba ne a gidan nan."

Sunan ya bi shi. Kowace Asabar Sarkin Ladabi yana zuwa ƙarfe goma daidai, da lemo ko ayaba a leda. Baba Kwaɗo ya fara masa daga tushe. Ya nuna masa kwaɗon da ya yanka gefensa da zarto don a ga ciki, yadda filoli suke tare hanya, yadda haƙoran makulli suke ɗaga kowanne zuwa daidai tsayinsa. Sannan ya nuna masa yadda ake yi ba makulli: ƙarfe ɗaya a sa a ƙasan rami a ɗan murɗa, ɗayan mai lanƙwasa a baki a riƙa taɓa filolin ɗaya-ɗaya har kowanne ya zauna. Ƙarafan da kansa yake yin su, daga siririn ƙarfen da ke cikin waifar mota, ya goge su da magagari. A mako na uku ya ba ɗalibin nasa guda biyu kyauta.

Mutumin bahago ne, kuma hannunsa da nauyi. Baba Kwaɗo yakan warware kwaɗon da ya yi gwaji a kai, ya sa gilashin masu gyaran agogo a ido, ya nuna masa.

"Ka ga wannan zanen a gefen hagu? Ka ga fil na uku yadda ka ƙwarzane kansa? Kai kana shiga kamar mai haƙar rijiya. Lallaɓa shi ake yi."

"Zan gyara, Baba."

Bai gyara ba, amma ya yi sauri. Abu ɗaya ne ya ɗan dami Baba Kwaɗo. Ga kwaɗuna ɗari shida a bango, na jirgin ƙasa, na akwatin ƙarfe, na sito, amma bayan ranar farko ɗalibin bai sake tambayar ko ɗaya ba. Ya sayo nasa, wani kwaɗon tagulla mai hoton giwa, irin wanda ake samu a kowane shago, shi kaɗai yake so. Ya buɗe, ya rufe, ya buɗe. Yakan ajiye wayarsa a kan tebur yana auna lokaci. Daga minti tara ya dawo uku, daga uku ya dawo daƙiƙa arba'in. Wata rana ya ce a rataya masa shi a jikin ƙofar ɗakin, yana so ya gwada a tsaye.

"Me ya sa a tsaye?"

"Ai a ƙofa kwaɗo yake zama, Baba, ba a tebur ba."

Gaskiya ne, Baba Kwaɗo ya ce a ransa. Har ya ji daɗin amsar.

Wata rana kuma ya tambaya, "In an buɗe an mayar an rufe, mai shi zai gane?"

"Mai shi ba zai gane ba. Ni zan gane."

Mutumin ya yi murmushi. "Ai irinku ba su da yawa."

A farkon kowane wata Baba Kwaɗo yana zuwa ƙaramin asibitin unguwa a auna masa jini. Wadda take aunawa wata nas ce da kowa yake kira Sista, mace mai fara'a, takan tsokane shi ta ce jininsa ba ya sauka sai an yi maganar kwaɗo. A wannan watan ta ɗaura masa abin awon a hannu ba ta tsokane shi ba. Ta rame, ƙasan idonta ya yi baƙi. Ta rubuta lambar a kati, ta tsaya da biro a hannu.

"Baba, in tambaye ka. Za a iya yin makulli biyu iri ɗaya a ce an sayar wa mutum biyu?"

"Yana faruwa, amma ba kasafai ba. Me ya faru?"

Ta leƙa ƙofa, ta dawo ta zauna. Ta ce ɗaki ɗaya ta kama a wani bene bayan asibitin, wata takwas ke nan, ita kaɗai. Kullum in za ta fito aiki tana sa kwaɗo, makullin a wuyanta yake. Amma kusan wata guda ke nan in ta koma sai ta tarar da wani abu ya sauya. Ba a ɗaukar komai. Ta bar kofi a kife, ta tarar da shi a tsaye, da ɗan ruwa a ciki. Ta bar takalmanta suna kallon bango, ta tarar suna kallon ƙofa. Shekaranjiya ta tarar an gyara mata gado, an ja zanin an lanƙwashe gefensa. Ita ba ta gyara gado da safe.

"Na faɗa wa mai gidan, ya ce gajiya ce. Abokiyar aikina ta ce in nemi addu'a. Ni kaina na fara tunanin ko ƙwaƙwalwata ce."

"Ƙarfe nawa kike tashi?"

"Biyu."

"Zan jira ki."

Benen tsoho ne, matakalarsa a waje. Ɗakinta ne na ƙarshe a dogon baranda, bayan wani lungu inda aka jingine tsofaffin katifu. Da rana kowa ya tafi aiki, ba motsin kowa sai rediyon wani da aka manta a kunne. Tun daga nesa ya hango kwaɗon. Tagulla ne, mai hoton giwa.

Ai kowane shago ana sayar da shi, ya gaya wa kansa. Rabin garin da shi suke rufe ƙofa.

Ya ce ta buɗe ta ba shi. Ya zauna a bakin baranda inda haske yake, ya shimfiɗa hankici a cinya, ya fito da 'yar jakar kayan aikinsa da ba ya rabuwa da ita. Ya ɗan daɗe kafin ya fitar da cikin. Ya sa gilashi a ido.

Zanen yana nan a gefen hagu, ba ɗaya ba, da yawa, wani a kan wani, sababbi suna ƙyalli. Ya juyo da fil na uku da bakin hantsaki. Kansa a ƙwarzane.

Ya ci gaba da kallon filin ko da yake ya gama ganin abin da zai gani, don bai san yadda zai ɗago ya dube ta ba.

"Ƙwaƙwalwarki lafiya lau," ya ce. "Ana buɗe shi."

Ta jingina da bango.

"'Yata, akwai wani bahago da kika sani?"

Ta kai hannu ta riƙe makullin da ke wuyanta.

"Tsohon mijina."

"Mai yawan gaisuwa? Fes-fes da shi?"

"A ina ka san shi?"

Zai iya cewa a kasuwa. Zai iya cewa kwatance ne kawai. Ya naɗe filolin a hankici ya ce, "Ni na koya masa. Wata uku yana zuwa gidana. Ƙarfen da yake buɗewa da shi ni na yi shi da hannuna."

Ya jira ta zage shi. Ba ta yi ba. Ta zauna a ƙasa nesa da shi kaɗan, ta ba shi labari da murya ƙasa-ƙasa, kamar mai karanta katin majiyyaci. Shekara shida suka yi da aure. Bai taɓa ɗaga mata murya a gaban mutane ba. Iyayenta har yau suna cewa ba su ga laifinsa ba. Yakan auna nisan da motarta ta yi, yakan ƙirga mintocin da ta yi daga asibiti zuwa gida. In ta yi abin da bai so ba sai ya rufe ta a ɗaki ya tafi aiki, ya dawo da tsaraba. Ranar da kotu ta raba su ya bi ta har bakin titi, ya ce mata cikin ladabi duk inda ta shiga ta sani ɗakinsa ne.

"Gyaran gadon ne ya sa na fara zargi," ta ce. "Haka yake lanƙwashe gefen. Amma na ce ta ina zai shiga?"

"Yau kar ki kwana nan."

"Ina da yaya a bayan tasha."

Ya raka ta har can. Daga nan ya wuce shagon kayan gini ya sayi wani kwaɗo na farin ƙarfe, mai nauyi, wanda cikinsa faya-fayai ne ba filoli ba, irin da ƙarfen waifa ba ya yi masa komai. Ya koma benen ya sa a ƙofarta, ya kai mata makullan duka uku. Yana gida kafin rana ta faɗi.

Maman Auta ta saurare shi har ƙarshe, wannan karon ba wake a hannunta. Ba ta ce ai na faɗa maka ba. Da ta faɗa da ya fi masa sauƙi.

"Gobe ka je wurin 'yan sanda," ta ce.

Ya je, da Sista da yayanta, wani ƙaton makaniki mai ƙarancin magana. Ɗan sandan da ke kan tebur ya tambayi me aka sata. Ba komai. Wa aka ji wa ciwo? Ba kowa. Wa ya gan shi yana shiga? Baba Kwaɗo ya kwance hankicinsa ya nuna filolin. Ɗan sandan ya leƙa, ya ga 'yan ƙwayoyin tagulla, ya dubi tsohon, ya rubuta wani abu gajere. Ya ce za su bincika. Makanikin ya je kamfanin sufurin da mutumin ya ambata, aka ce masa an sallame shi tun bara. Gidan da yake haya ma ya tashi.

Ran Asabar Baba Kwaɗo bai zaci zai zo ba. Ƙarfe goma daidai aka yi sallama.

Maman Auta ta kama hannun rigarsa. Ya zame, ya fita, ya ja ƙofar gidan a bayansa, ya tsaya a bakinta. Titi da mutane, mai gyaran keke yana aiki a tsallake. Sarkin Ladabi ya durƙusa ya gaishe shi, ya tambayi Mama, ya tambayi jiki. Ledar ayaba a hannu ɗaya, ɗayan da ƙaramin kwali.

"Baba, yau sabon abu na kawo."

Ya buɗe kwalin. Kwaɗon farin ƙarfe ne, sabo dal, irin wanda Baba Kwaɗo ya sa a ƙofar Sista.

"Na gwada da ƙarafan da ka ba ni, ya ƙi. Na ce sai Baba."

"Ba zan koya maka ba."

"Ko kai ma ba ka iya ba ne?"

Abin da ya ba Baba Kwaɗo kunya daga baya shi ne, a daidai wannan lokacin bakinsa ya so ya buɗe ya ce ya iya, ya faɗi irin ƙarfen da ake bukata da yadda ake juya faya-fayan. Ya haɗiye.

"Na ga kwaɗonta. Na ga hannunka a ciki. Na kai wa 'yan sanda."

Fuskar mutumin ba ta sauya ba. Ya mayar da murfin kwalin a hankali, ya daidaita gefensa da babban yatsa.

"Kai ka ce mai shi ba zai gane ba."

"Ba ni ƙarafana."

"Kyauta ce, Baba. Ba a karɓe kyauta." Ya ajiye ledar ayabar a kan dakali. "Matata ce. Ina duba lafiyarta ne kawai. Wa zai duba ta in ban duba ba? A gaida Mama."

Ya sake durƙusawa, ya tafi. Baba Kwaɗo ya tsaya har ya ga ya sha kwana. Ayabar ta kwana biyu a kan dakalin ba wanda ya taɓa, har awaki suka cinye.

Mako biyu ba a ji komai ba. Sista ta ci gaba da zama gidan yayanta, yaransa na gareji suna kai ta aiki suna ɗauko ta. Maman Auta ta daina barin ƙofa a buɗe da rana. Baba Kwaɗo ya sauya kwaɗon ƙofar gida da mafi wuya a cikin tarinsa, ya kuma kama kansa yana leƙa titi duk sa'ad da babur ya tsaya.

Ran wata Laraba suka tafi duba Auta da ta kwanta asibiti da zazzaɓi. Sun fita ƙarfe tara, sun dawo wajen ƙarfe ɗaya. Kwaɗon ƙofa yana nan a rufe. Ya duba shi sama da ƙasa kafin ya sa makulli, bai ga komai ba. Tsakar gida yadda suka bar ta, wanki a kan igiya. Maman Auta ta shiga kicin. Shi ya nufi ɗakin kwaɗuna ya ajiye jakarsa.

Da ya tura ƙofar bai fara gane abin da ya sauya ba. Komai yana wurinsa, kowane kwaɗo a kan ƙusarsa, da takardarsa. Sai da idonsa ya saba da hasken ɗakin ya ga layin farko na bangon gabas duk a buɗe suke, wuyansu a sama. Layi na biyu ma haka. Na uku ya kai rabi ya tsaya. Makullansu suna cikin akwatin ƙarfe a ƙarƙashin tebur, a kulle, ba a taɓa ba. An ja kujerarsa zuwa gaban bangon. A kan tebur ga kofin shayinsa, da ɗan ruwa a ciki.

Ta katangar baya ya shigo, daga baya suka ga sawun takalmi a jikin tankin ruwa. Ya zauna a ɗakin nan awa biyu ko uku, da rana tsaka, yana buɗe su ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa.

Baba Kwaɗo ya durƙusa ya jawo kwalin da yake ajiye kayan aikinsa na musamman. Ƙarfen buɗe kwaɗo mai faya-fayai, wanda ya ɓata wata biyu yana ƙerawa shekarun baya, babu shi. Littafinsa mai baƙin bango, inda ya zana yadda ake amfani da shi, an yage shafi huɗu a tsakiya, yagewa mai tsabta, kamar da rula.

"Baban Auta?" Tana tsaye a bakin ƙofa, da ludayi a hannu. Ta dubi bangon, ta dubi kofin. "A kicin ɗina ya ɗebi ruwan nan."

"Kawo min waya."

Makanikin ya ɗauka a bugu na biyu. Baba Kwaɗo ya gaya masa abin da aka ɗauka, da abin da ake yi da shi.

"Kwana nawa zai ɗauka ya iya?"

"Ni wata biyu na yi. Shi da takarduna a hannu, mako biyu. Ko ƙasa da haka."

Ana jin bugun ƙarfe a bayan makanikin. "To. Kar a cire kwaɗon. A bar masa shi."

Shi ya tsara komai. Sista ta koma shiga benen da safe tana fita, kamar ta dawo da zama, tana shanya tawul a baranda. Makanikin da abokansa biyu suka karɓi ɗakin da ke kallon nata daga wani ɗan haya da ya yi tafiya, suka riƙa zama a ciki bi da bi, daga safe zuwa ƙarfe biyu. Wannan karon ɗan sandan ya zo gidan Baba Kwaɗo, ya ga sawun, ya ga littafin, ya ba da lambar wayarsa. Maman Auta ta koma gidan ƙanwarta, ta ce ba za ta sake kwana a gidan ba sai an kama shi. Baba Kwaɗo ya zauna shi kaɗai da kwaɗunansa. Bai rufe waɗanda aka buɗe ba. Ya kasa shiga ɗakin.

A rana ta goma sha ɗaya, wajen sha ɗaya na safe, aka kama shi. Makanikin ya ce sun bar shi sai da ya buɗe ya shiga tukuna. Da suka shiga suka same shi zaune a bakin gado ya cire takalmi. A jakarsa akwai ƙarafan, da igiyar nailan sabuwa, da wani kwaɗo na daban da makullinsa, wanda ba na ƙofar ba ne. Bai yi gardama ba. Ya gaishe su ɗaya bayan ɗaya.

Baba Kwaɗo ya ba da shaida a kotu, da hankicinsa da littafinsa. Lauyan mutumin ya tambaye shi ko an tilasta masa koyarwar. Ya ce a'a. Ya tambaye shi ko ya taɓa tambayar ɗalibin nasa me zai yi da ilimin. Ya ce a'a. Me ya sa? Ya tsaya yana neman amsar da ba za ta sa ya zama abin dariya ba, bai samu ba, ya ce, "Ina jin daɗin zuwansa ne."

Aka yanke masa shekara ɗaya da rabi. Igiyar, in ji alƙali, ba a tabbatar da abin da aka yi niyyar yi da ita ba.

A barandar kotu, ana wucewa da shi zuwa mota, ya ɗan tsaya daidai inda Baba Kwaɗo yake. Ya sunkuyar da kai gwargwadon yadda riƙon da aka yi masa ya bari.

"A minti shida na buɗe shi, Baba. Zanenka na littafin ya fita sosai." Ya dubi ankwar da ke hannunsa, ya juya ta kaɗan yana kallon ramin makullin, kamar yadda aka koya masa a fara da kallo. Ɗan sanda ya tura shi gaba.

Sista ta nemi canjin wurin aiki, aka ba ta. Ba ta faɗa wa kowa garin ba sai yayanta. Kafin ta tafi ta auna wa Baba Kwaɗo jini karo na ƙarshe, ta ce ya hau, ta ƙara masa rabin ƙwaya. Ya ce ta yafe masa. Ta ce ba don shi ba da har yanzu tana zaton ta haukace, ta kuma ce ba don shi ba da mutumin bai shiga ba, duka biyun gaskiya ne, ita ba ta san yadda za ta raba su ba. Ta ba shi katinsa.

Maman Auta ta dawo gida bisa sharaɗi. Aka ƙara wa katangar baya bulo uku, aka kawo kare, wanda Baba Kwaɗo bai taɓa so ba. Ta samo kalandar shekara mai zuwa tun kafin a fara rabawa, ta buɗe watan da ya kamata Sarkin Ladabi ya fito, ta zagaye shi da jan biro, ta rataye a kicin.

"In an yi masa sassauci zai fito kafin nan," in ji ta.

"Na sani."

"Auta ta ce akwai gida a kusa da su."

"Bari mu gani."

"Ba bari mu gani ba. Ran Lahadi za mu je mu duba shi."

Ya ce to.